Me ke kai tsofaffin Turawa bakin teku bayan sun yi ritaya?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gumel zuwa Maigatari da tsakar ranar watan Afrilu, ko ya yi ban-ruwa a gonakin Kadawa lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, da wuya ya yarda cewa akwai mutanen da ke sayar da gidajensu, su bar 'ya'ya da jikoki, su ƙetare teku don neman rana. Amma akwai su, kuma suna da yawa. A Sifaniya kaɗai, 'yan Birtaniya masu rajistar zama sun doshi dubu 300, kuma kaso mai tsoka a cikinsu tsofaffi ne da suka ajiye aiki, suka taru a gaɓar Bahar Rum, wajejen Malaga da Alikante. Jamusawa da 'yan Holan da 'yan Suwidin na nan tare da su, wasu kuma sun zarce yankin Algarve a kudancin Fotugal. Faransawa da dama Maroko suke nufa, musamman Agadir, wasu Senegal. Amurkawa na gangarawa Meziko da Kosta Rika da Fanama, wanda ba ya son barin ƙasa ya tsaya a jihar Fulorida. A Asiya kuwa Tailan da Maleshiya da Filifin ke karɓar irin waɗannan baƙi.

Ba mu da teku a Kano ko Jigawa, amma maganar ta shafe mu. A cikin lissafin da waɗannan tsofaffi ke yi akwai abin da ya taɓa kowane malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke ƙirga shekarun da suka rage masa a aiki.

Idan ka tambaye su dalili, rana za su fara ambata, kuma ba ƙarya suke yi ba. A Landan, tsakiyar Disamba, yini bai cika awa takwas ba. Ƙarfe huɗun da muke sallar la'asar, su a agogonsu magariba ta riga ta yi. A babban birnin Suwidin yinin awa shida ne kacal. Ko a cikin 'yan awannin nan ba lallai a ga ranar ba, gajimare ya rufe ta, ga yayyafi, ga iska mai ratsa ƙashi, wata huɗu ko biyar ana haka. Malaga kuwa tana samun hasken rana na kimanin awa 2,900 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Landan ke samu, kuma tafiyar jirgi tsakaninsu ba ta kai awa uku ba.

Wanda ya tashi a karkara ya san abin da sanyi ke yi wa tsoho. Da hunturu, in an idar da asuba kowa ya koma ɗaki, ba ka ƙara ganin dattijan unguwa sai hantsi ya dubi ludayi. A lokacin za a jawo tabarma ko buzu zuwa jikin katangar da ke kallon gabas, tsoho ya zauna ya miƙe ƙafa, mayafi a kafaɗa, yana murza gwiwa da tafin hannu, kaskon garwashi a gefe ya fara yin toka. Sai ranar ta ratsa shi sannan ya iya miƙewa ya kama harkar gabansa. Namu hunturun wata biyu ne zuwa uku, kuma in ba hazo ya yi yawa ba, hantsi na fitowa kullum. Hantsin nan tsohon Ingila yake nema, sai dai shi sai ya hau jirgi zai same shi.

Abin ya wuce jin daɗi, ya taɓa lafiya. Sanyi na tsuke jijiyoyin jini, hawan jini ya tashi, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ƙaru, ga mura mai tsanani da ciwon huhu. A Ingila, kowace shekara ana samun ƙarin mace-mace na dubun-dubatar mutane a watannin sanyi fiye da sauran watanni, kuma galibinsu tsofaffi ne. Ƙanƙara na sa hanya santsi, tsohuwa ta zame ta karya ƙugu, daga nan sai kwanciya. Ƙarancin rana na hana jiki haɗa bitamin D da ƙashi ke buƙata, har hukumomin lafiyar Birtaniya ke ba jama'a shawarar shan ƙwayarsa a lokacin sanyi. Ɗumi ba ya warkar da ciwon gaɓɓai, amma yana bai wa mutum damar fita ya taka, ya zauna a waje, ya ga mutane. Ga tsohon da ke zaune shi kaɗai a gida, wannan babban abu ne.

Sai dai a lura, ranar da suke nema ba irin tamu ba ce. A Malaga, watan Janairu da rana zafi na kai wa digiri 17, a Agusta kuma wajen 31. Teku ne ke daidaita musu yanayin: ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa, don haka yana sanyaya gaɓa da rani, ya ɗumama ta da sanyi. Shi ya sa bakin teku suke maƙalewa, ba sa shiga tsakiyar Sifaniya inda rani ke gasa mutum, sanyi kuma ya daskarar da shi. Mu tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, babu abin da ke tare mana komai. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. A Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5, kuma tsofaffi ne suka fi mutuwa a wannan zafin. Lokacin da ke kashe musu tsofaffi hunturu ne, mu namu bazara.

Na taɓa kawo wannan zance a majalisar da dattijan garinmu ke zama bayan la'asar. Wani tsohon hedimasta, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke wurin, ya saurare ni har na dire, sannan ya ce, “Ɗana, bar batun rana. Nawa ake ba su a wata?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, a Ingila cikakken fanshon gwamnati ya kai kamar fam 1,000.”

Ya ce, “Kuma yana shiga kowane wata? Ko mutum na wata ƙasa?”

Na ce yana shiga. Ya gyaɗa kai ya ce, “To ai ka ji abin da ya kai su.”

Malam ya taɓo jijiyar maganar. Jamus ta fara fanshon tsofaffi a 1889 zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, Birtaniya a 1908, Amurka a 1935. Fiye da shekara ɗari ke nan ana gina tsarin da ya raba tsufa da dogaro da 'ya'ya. Tsohon Bature ba ɗansa ke ciyar da shi ba, ba kuma gonarsa ba, kuɗi ne ke faɗawa asusunsa na banki, kuma kuɗin na bin sa duk inda ya sa ƙafa. Manomin Ringim ko Sumaila ba zai iya ɗaukar gonarsa da awakinsa da 'ya'yansa ya kai wata ƙasa ba, su ne fanshonsa, kuma a nan suke. Wannan bambancin shi ya sa ɗaya ke iya tashi, ɗaya ba ya iyawa, tun kafin a zo batun sha'awa.

A 2025 cikakken fanshon gwamnatin Birtaniya fam 230 ne da 'yan kai a mako. A kunnenmu kuɗi ne mai yawa, amma a can da ƙyar yake riƙe mutum, musamman in haya yake biya. Ɗumama gida kaɗai na cin kaso mai yawa, kuma da farashin gas ya tashi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, an sami tsofaffin da ke zaɓa tsakanin kunna na'urar ɗumi da sayen abinci. Ɗauki wannan fam ɗin ka kai shi ƙauyen Fotugal ko garin bakin teku a Tailan, sai ya yi auki. Haya ta fi sauƙi, abinci ya fi araha, kuɗin ɗumama gida ya ragu ƙwarai. Ga kuma gida. Mutum ya shafe shekara 25 ko 30 yana biyan bashin banki na gidan da yake ciki, gidan ya yi daraja, sai ya sayar, ya sayi ƙarami a Alikante, ragowar ya ajiye yana ci a hankali. Asirin ke nan: a biya ka da kuɗi mai ƙarfi, ka kashe shi inda rayuwa ke da sauƙi.

Ƙasashen da ke karɓarsu ma da nasu lissafin. Tsohon da ya zo da fanshonsa ba ya neman aikin kowa, ba shi da yaran da za a sa a makaranta, kashewa kawai yake yi. Magini ya samu, mai shara ta samu, mai gidan abinci da mai kantin magani su samu, har a watannin da 'yan yawon buɗe ido suka watse. Don haka gwamnatoci suka shiga zawarcinsu. A 2009 Fotugal ta fito da tsarin da ya yafe wa baƙi harajin fanshonsu na shekara goma. Abin ya ja mutane har Finlan da Suwidin suka fusata suka soke yarjejeniyar harajin da ke tsakaninsu da ita, don suna ganin 'yan ƙasarsu na guje wa haraji ne. A 2020 Fotugal ta sa kashi 10 cikin ɗari, a 2024 ta rufe ƙofar ga sababbin zuwa. Girka ta sa kashi 7 cikin ɗari na tsawon shekara 15. Italiya ma kashi 7 ta sa, da sharaɗin mutum ya zauna a ƙananan garuruwan kudu da matasa suka gudu suka bari. Fanama na bai wa ɗan fansho izinin zama har da ragin kuɗin magani da sufuri.

Amma kowace ƙofa da mai gadinta, kuma abu ɗaya yake dubawa. Fanama da Kosta Rika na son shaidar fanshon dala 1,000 a wata. Tailan na son mutum ya kai shekara 50, ya ajiye bat 800,000 a bankin ƙasar ko ya nuna yana samun bat 65,000 a wata. Fotugal na son abin da ya kai mafi ƙarancin albashinta, wato yuro 870 a 2025. Sifaniya kuwa yuro 2,400 take nema a wata, da inshorar lafiya, da alkawarin ba za ka yi aiki ba. Kafin Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, ɗan Ingila ba ya buƙatar bizar komai, jakarsa kawai zai ɗauka. Yanzu in ba shi da takardar zama, kwana 90 yake da shi a cikin kowane kwana 180. Wanda kuma bai da komai sai fanshon gwamnati, a lissafin 2025 kuɗinsa bai kai rabin abin da Sifaniya ke nema ba. Ashe ko a cikin Turawan ma ba kowane tsoho ke shan wannan ranar ba.

Sai batun asibiti, wanda a ganina shi ne ke yanke hukunci na ƙarshe. Babu mai hankalin da zai kai shekara 70 ya tare inda ba likita. Sifaniya da Fotugal na da asibitocin gwamnati masu kyau, kuma akwai yarjejeniyar da ta sa Birtaniya ke biyan kuɗin jinyar 'yan fanshonta da ke zaune a ƙasashen Tarayyar Turai, ko bayan ficewarta. Ba'amurke bai sami wannan gatan ba, domin inshorar da gwamnati ke ba tsofaffi daga shekara 65 galibi ba ta aiki a wajen Amurka. Shi sai ya sayi ta 'yan kasuwa, wadda ke ƙara tsada duk shekarar da ya ƙara, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi. Duk da haka tsadar magani a Amurka ta sa wasu ke ganin gara su biya daga aljihu a Meziko.

Masu tallar gidajen bakin teku a nan suke tsayawa da bayani. Akwai sauran magana, kuma ita ce ta fi taɓa ni.

Baƙon da ya zo da fam ko dala yana iya biyan hayar da ɗan gari ba zai iya ba. Mai gida kuwa ba zai ƙi kuɗi ba. A hankali malamar makaranta da direban bas da ma'aikaciyar jinya, waɗanda aka haifa a garin, sai su koma bayan gari, wasu ma su rasa wurin kwana. Ba tsofaffin kaɗai suka jawo haka ba, gidajen da ake bai wa 'yan yawon buɗe ido haya na 'yan kwanaki sun fi yin ɓarna, amma duk kasuwa ɗaya suke ci. A Afrilun 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga a tsibiran Kanari na Sifaniya, daga baya Malaga da Basalona suka bi. Fotugal ta daina ba da izinin zama saboda sayen gida a 2023, Sifaniya ta soke irin nata tsarin, na mai sayen gidan yuro 500,000, a Afrilun 2025. Ni ina ganin 'yan garin na da gaskiya. Arahar da baƙo ke murna da ita, ƙarancin albashin ɗan gari ne ya samar da ita.

Yanayin ma ya fara saɓa alkawari. An ƙiyasta zafin bazarar 2022 ya kashe mutum fiye da 60,000 a Turai, mafi yawa a ƙasashen kudu irin su Italiya da Sifaniya da Girka, kuma tsofaffi ne a gaba. A ƙarshen Oktoban 2024 ambaliya ta ci fiye da mutum 200 a yankin Balensiya na Sifaniya. Fari ya sa an taƙaita ruwa a garuruwan gaɓar Malaga. Gidajen Fotugal kuwa da yawa ba a gina su don riƙe ɗumi ba, sai baƙo ya tarar da cikin ɗaki a Janairu ya fi waje sanyi.

Mafi nauyi duka shi ne abin da ke zuwa daga baya. Mata da miji sukan tafi suna da shekara 65, da sauran ƙarfinsu, su yi shekara goma ko sha biyar cikin walwala. Da yawa ba sa koyon harshen garin, suna zaune ne a unguwannin 'yan'uwansu baƙi. Sai ɗaya ya rasu. Wanda ya rage ido ya fara rauni, tuƙi ya gagara, ko gigin tsufa ya shigo. A Sifaniya, kamar a nan, asibiti na sa ran dangi su zauna jinya, su kula da ci da wankan mara lafiya, shi kuma danginsa na wata ƙasa, sai dai waya. In ya ce zai koma gida, ya riga ya sayar da gidan, kuɗin da ke hannunsa ba zai sayi irinsa ba. Wanda ya zaɓi Tailan ko Afirka ta Kudu ko Ostareliya akwai ƙarin matsala: Birtaniya ba ta yi wa mazauna waɗannan ƙasashe ƙarin fansho na shekara-shekara, adadin da ka fara karɓa a can shi za ka ci gaba da karɓa komai tashin farashi. Mutum fiye da dubu 400 ke cikin wannan hali, kuma Najeriya na cikin jerin ƙasashen. Likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu da ke aiki a Ingila da niyyar dawowa gida in sun tsufa ya kamata su san da wannan tun yanzu.

To mu fa? A wajenmu lissafin a juye yake. Wanda ya kama aikin gwamnati a 1980 ya kama ne lokacin da naira ta fi dala ƙarfi. Da ya cika shekara 35 yana aiki ya ajiye a 2015, dala ta kusa naira 200 a farashin gwamnati. A watan Mayun 2023 tana wajen 460, a 2024 ta haura 1,500. Ba sai an je Turai za a ga wannan ba. Dillalan kasuwar Maigatari sun sani, sefa 1,000 ta haura naira 2,000, domin sefa a ɗaure take da yuro. Dokar ECOWAS ta bai wa ɗan Najeriya damar shiga Gambiya ko Senegal ko Ghana ko Benin ba biza har kwana 90, duk kuwa ƙasashen bakin teku ne, amma fanshon naira da ya ƙetare iyaka ƙanƙancewa yake yi. Yuro 2,400 ɗin da Sifaniya ke nema a wata, a canjin 2025 ya kai kusan naira miliyan 4. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara na kusan shekara biyar bai taɓa kwabo ba kafin ya haɗa kuɗin wata guda.

Ko a nan gida, kuɗin sai ya zo kafin a yi zancen aukinsa. Dokar gyaran fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta tsara ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Masu asusu a wannan tsari sun haura miliyan 10 a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Manomi da makiyayi da mai saƙar tabarma da mai awara ba sa ciki. Jigawa na da nata asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya yi suna wajen biya a kan kari. Kano kuwa, gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na naira biliyan 48, ta shiga biya kashi-kashi. Tsarin mulki, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa wajen tantancewa ya ga abin da ke ƙasa: dattijai a layi tun sanyin safiya, takardun kama aiki da na ajiye aiki a cikin leda sun yi ja don tsufa, wani a kan keken guragu, wani jikansa ke riƙe da hannunsa, sun biya kuɗin mota daga ƙauye don su nuna suna raye.

In ka ji Bahaushe na burin ƙare rayuwarsa a wata ƙasa, to Makka ce ko Madina. Ba iska ko araha ke jan sa ba, salla a Harami yake so, da kwanciya a Baƙi'a. Tsohon buri ne. Kakanninmu sun bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, wasu suka yada zango a hanya har zuriyarsu ta zama 'yan can, kamar mutanen Maiwurno ta Sudan da suka tashi bayan yaƙin Burmi na 1903. Yau wannan ƙofar ma kuɗi take tambaya. Izinin zama na musamman da Saudiyya ta fito da shi a 2019 riyal 800,000 ne na dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. Wanda ya zauna ba takarda kuwa, tsufansa cikin ɓuya yake, zuwa asibiti ma fargaba ne.

Abin da ya fi yawa a wajenmu shi ne akasin tafiyar Bature. Namu tsofaffin barin bakin teku suke yi. Ɗan kasuwar shanu da ya yi shekara 30 a Legas, mai gadi a Fatakwal, ɗan canji a Kwatano, mai goro a Abijan, soja ko ɗan sanda ko ma'aikacin kwastan da aka yi ta yawo da shi, in ƙarfi ya fara ƙarewa gida suke nufa. Kuma in ka duba, lissafi iri ɗaya suke yi da tsohon Ingila: an samo kuɗi inda ya fi yawa, za a kashe shi inda ya fi auki. A ƙauye ba haya, ga gona, ga hatsi a rumbu. Sun ma fi Baturen dacewa ta fuska guda, domin abin da ke karya shi a ƙarshe, wato kaɗaici, su ba su san shi ba. Akwai jam'i sau biyar, akwai majalisa, akwai suna da ɗaurin aure da zaman makoki, akwai jikan da za a aika, akwai wanda zai kwana da kai a asibiti, akwai maƙabartar da iyayenka ke kwance.

Abin da ƙauyen ya rasa shi ne abin da Bature ba ya tafiya sai ya tabbatar da shi. Mai hawan jini ko ciwon suga na buƙatar likitan da zai riƙa duba shi da maganin da ba jabu ba. Allurar suga na son firji, firji na son wuta. Mai ciwon ƙoda da ake yi wa wanki sau biyu ko uku a mako ba zai zauna inda sai ya yi tafiyar awa biyu ba, balle da damina in hanya ta yanke. Manyan asibitocin da ke iya ɗaukar irin waɗannan larurori, kamar na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni a Dutse da na tarayya a Birnin Kudu, nesa suke da yawancin ƙauyuka. Ga zafin bazara a ɗakin kwano ba fanka. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, Kano da Jigawa kowace na da hukumar taimakekeniyar lafiya, amma tsohon da ya fi kowa buƙatar katin sau da yawa shi ne ba ya da shi.

Shi ya sa da yawa daga cikin 'ya'yan karkara da suka yi aiki a birni ke gina gida a garinsu, su kammala shi tsaf, amma su ci gaba da zama a Kano ko Kaduna ko Abuja kusa da likitansu. Fanshonsu da garatutinsu a can ake kashe su. Maginin garin da mai kanti da ɗan acaɓa ba sa gani, makarantar garin ta rasa tsohon malamin da zai riƙa leƙa ta, matasa su rasa mai nuna musu hanyar neman gurbin karatu ko aiki. Girka da Italiya rage haraji suke yi don su jawo tsofaffin wasu ƙasashe zuwa garuruwansu da suka bushe. Ƙananan hukumominmu 44 a Kano da 27 a Jigawa ba sa buƙatar zawarcin baƙo, nasu 'ya'yan ne, kuma da ma son dawowa suke. Abin da suke jira bai wuce asibitin da likita ke kwana a garin ba, da sola a ɗakin magani da ɗakin haihuwa, da hanyar da mota ke bi a watan Agusta, da a sa kowane ɗan fansho cikin inshorar lafiya tun ranar da aka miƙa masa takardar ajiye aiki.